Guzurin Mai Tafiya a Ƙasar Gumel

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Allah shi yi daɗin tsira ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, shi yi musu aminci.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya hanyoyi a cikinta, ya ba ɗan Adam ƙafa domin tafiya, da ido domin dubawa, da zuciya domin lura. Amma bayan haka, wannan 'yar takarda ce na rubuta ta zuwa ga 'yan'uwa muridai, na Ƙadiriyya da na Tijjaniyya da dukkan mai neman gyaran zuciyarsa, a kan tafiya da ƙafa cikin karkara, wadda mutanen Allah suke ce wa siyaha. Dalilin rubuta ta kuwa, na ga zamani ya zo da babur da mota, har mutum ya kan ratsa ƙasar ubansa tun daga farkonta har ƙarshenta kafin azahar, bai yi wa kowa sallama ba, bai san sunan itace ɗaya ba, bai tambayi kufai ɗaya na su wane ne ba. Sa'an nan ya komo gida ya zauna ga wuridinsa, harshe yana motsi, zuciya tana barci. Na shirya ta fasali shida da cikawa, kuma ga Allah nake neman taimako.

Fasali na farko, cikin asalin siyaha

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah shi yi mana rahama ni da kai, umurni da tafiya a bayan ƙasa ya zo a wurare masu yawa cikin Alƙur'ani, a Ali Imrana da An'ami da Nahli da Namli da Ankabuti da Rumi. Kuma duk inda umurnin ya zo, an haɗa shi da umurni na biyu, shi ne a duba: a duba yadda aka fari halitta, a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. A Suratul Hajji kuwa Ubangiji ya ambaci rijiyar da aka daina ɗiba da benen da aka bari babu kowa, sa'an nan ya zargi waɗanda suke wucewa ta kansu ba su hankalta, ya bayyana cewa makantar da ake tsoro ita ce ta zuciya. To ashe tafiya biyu ce. Akwai tafiyar jiki, wannan jaki ma yana yinta. Akwai tafiyar zuciya, ita ce ake nufi, ta jiki kuwa abin hawanta ce.

Manyanmu sun bi wannan hanya. An ruwaito Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 561 ta hijira, ya yi shekaru masu yawa yana yawo a dazuzzukan Iraƙi kafin ya zauna ga wa'azi. Imamu Gazali ya bar kujerar karantarwa a Bagadaza shekara ta 488, daidai da 1095, ya tafi Sham da Ƙudus da Makka, kuma ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban tafiya. Shehu Ahmadu Tijjani ya fita daga Ainu Mali ya bi Fas da Tilimsan da Misira da Haramaini kafin ya zauna a Fas, inda ya rasu a 1815. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekaru da yawa kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Allah shi yarda da su baki ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fita domin shan iska.

Ni ma, gwargwadon raunina, na yi kwana bakwai da ƙafa a ƙasar Gumel bayan an gama kaka, farkon hunturu, ni da abokai biyu. Ƙasar nan yanzu an raba ta ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari da Gagarawa, cikin jihar Jigawa da aka yanka daga Kano a 1991. Mun tashi daga Gumel muka yi yamma zuwa Sule Tankarkar, muka karkata arewa zuwa Maigatari, muka komo Gumel muka yi Juma'a, sa'an nan muka yi kudu zuwa Gagarawa. Abin da zan faɗa a fasalai masu zuwa, abin da ido ya gani ne da abin da tarihi ya tabbatar.

Fasali na biyu, cikin ladubban mai tafiya

Su bakwai ne. Na farko niyya: ka fita domin i'tibari da ziyarar 'yan'uwa da neman ilmi, kada ka fita domin a ce wane ya yi siyaha. Na biyu, ka sauke haƙƙi kafin ka ɗauki sanda: ka nemi iznin iyaye da na shehinka, ka bar wa iyali abin da za su ci, ka biya bashin da ya kai lokaci. Wanda ya bar 'ya'yansa da yunwa ya tafi neman Allah a daji, ya baro abin da yake nema a gida. Na uku, kada ka tafi kai kaɗai, kuma in kun kai uku ku sanya ɗayanku shugaba, haka sunna ta zo. Na huɗu, ka ɗauki guzurinka, da buta da buzu da tasbaha, domin kada ka zama nauyi a kan talakawan ƙauye da sunan tawakkali. Na biyar, ka kiyaye haƙƙin hanya: ka bi burtali, kada ka keta gonar mutum in da amfani a cikinta, kada ka tsinki abin da ba naka ba, ka kau da ƙaya daga turba, ka fara sallama ga babba da yaro. Na shida, ka yi kabbara in kana hawa tudu, ka yi tasbihi in kana gangarawa, kamar yadda sahabbai suke yi tare da Ma'aiki, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Na bakwai, ka riƙi shiru tsakanin zango da zango, domin surutu yana cinye abin da ido ya tara.

Fa'ida. A mazhabar Imamu Malik ba a yin ƙasaru sai a tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kuma sai mutum ya nufi wuri sananne tun daga fitarsa. Tafiya irin tamu, wadda kowane zangonta bai kai haka ba, ana cika salla a cikinta. In ruwa ya yanke kuwa, rairayin ƙasar nan mai tsarki ne, ka yi taimama ka yi sallarka a kan lokaci.

Fasali na uku, cikin abin da garin Gumel yake karantarwa

Ka sani an kafa sarautar nan wajen shekara ta 1750, a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, kuma ta kasance ƙarƙashin Barno. Da jihadi ya tashi a ƙasar Hausa, Kano da Haɗeja da Kazaure suka shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato, Gumel ta tsaya tare da Barno, ta zama bakin iyaka tsakanin dauloli biyu na Musulmi, alƙiblarsu ɗaya, mazhabarsu ɗaya. Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello sun yi ta musayar wasiƙu a kan wannan saɓani, Bello ya kawo su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Mu dai ladabinmu ga dukkansu shi ne mu roƙa musu rahama, mu kame harshe. Amma mai tafiya ba ya kame idonsa ga abin da ya biyo baya: yaƙi tsakanin Gumel da Haɗeja ya ɗauki shekaru tun daga 1828 har zuwa rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, bayansa kuma hare-haren Damagaram suka kwashe mutane daga ƙauyuka. Gonakin da muka ratsa lami lafiya, kakannin masu su sun noma su da baka a rataye.

Kuma ka sani gidan sarauta bai fara zama a wannan wuri ba. A Tumbi yake, can arewa, cikin ƙasar da take Nijar a yau, sai a zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka taso da shi zuwa nan. Wani Bature mutumin Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya sami gari cike da mutane, kasuwa tana ci, kanwa jibge ana jiran fataken da za su kai ta kudu har Nufe. Ya sake biyowa a ƙarshen 1854, bayan Ɗan Tanoma ya rasu rikicin gadon sarauta ya auku, ya sami garin ya yi shiru, mutane sun watse. Tsakanin gani na farko da na biyu ko shekara huɗu ba a cika ba. Daga baya gari ya komo ya cika, sa'an nan Turawa suka zo a 1903 zamanin Sarki Ahmadu, suka yi mulkinsu suka tafi a 1960. Gidan sarauta yana nan, Allah shi taimake shi a kan adalci.

To, ya kai muridi, in ka isa kufai, alamarsa kuwa ba ta ɓuya, za ka ga kukoki a tare wuri ɗaya babu gida, da fasassun tukwane a cikin ƙasa, da ramin rijiyar da ta rufta, kada ka wuce kana dariya. Lokacin da Ma'aiki ya bi ta Hijiri, gidajen Samudawa, a tafiyar Tabuka shekara ta 9, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya. Waɗancan mutane ne da aka yi wa azaba. Masu kufan ƙasarmu kuwa Musulmi ne 'yan'uwanmu, saboda haka haƙƙinsu a kanka ya fi: ka tsaya, ka yi musu sallama irin ta maƙabarta, ka karanta musu abin da ya sauƙaƙa, sa'an nan ka ce wa ranka, a nan ma an yi daka, an yi suna, an yi gardama a kan iyakar gona. Gidanka da kake taƙama da shi kufai ne da lokacinsa bai yi ba.

Fasali na huɗu, cikin gawo da rijiya, a hanyar Sule Tankarkar

Daga Gumel zuwa yamma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, jigawa ce tsantsa, ƙafa tana nutsewa cikin rairayi, ƙarangiya tana kama bakin wando. An riga an yanke gero an kai rumbu, saura kara a tsaye, da riɗi da aka jingine yana bushewa, da mata da yara suna ɓarar zoɓo a inuwa. Babu dutse, babu kogi. Wanda bai san ƙasar ba zai ce babu abin gani. Wanda ya yi tafiyar yini guda a cikinta da ƙishirwa ya san abin gani biyu ne, itace da rijiya.

Dubi gawo. Dukkan itatuwan ƙasar nan, kuka da tsamiya da aduwa da kurna da magarya, suna yin ganye da damina. Gawo shi kaɗai ya saɓa musu. In ruwa ya sauka, duniya ta yi kore, kowa yana nuna adonsa, sai gawo ya zubar da ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Ganyen da ya zubar ya zama taki, rana kuma ta sami hanya ta isa ga geron da ke gindinsa, shi ya sa manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta sarari. In rani ya yi, ƙasa ta bushe, dabba ta rasa abin ci, sai gawo ya fito da ganye, ya yi inuwa, ya zubo 'ya'yansa awaki da tumaki su ci. Ban ga misalin bawan Allah na ƙwarai ba kamar wannan itace. Lokacin yalwa, sa'ad da kowa yake neman a gan shi a sahun gaba wurin maulidi da walima, shi ya kan ɓoye kansa, ya bar na ƙasa da shi su sami haske. Lokacin tsanani, sa'ad da masu ado suka kakkaɓe, a nan ake samunsa ƙofarsa a buɗe. Wannan shi ne abin da shehunai suke nufi da humuli, wato binne kai. Ka auna kanka da gawo: yaushe ake ganinka, kuma yaushe ake rasa ka?

A wata gona muka sami wani dattijo yana sassabe, amma ba ya tumɓuke tohon da ya fito daga tsofaffin kututture. Ya kan zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Me ya sa kake barin waɗannan?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, ubana ya bar mini gawo goma sha a gonar nan, ni na sayar da su ga masu itace shekarar fari. Tun daga nan iska take binne mini shuka. Ina so in mayar wa jikokina abin da na ci nasu." Na ce a raina, wannan ya san tuba fiye da mai yawan istigfari da baki, domin sharaɗin tuba mayar da haƙƙi.

Abin da yake yi ba sabon abu ba ne ga maƙwabtanmu. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙi wannan aiki, suna ce masa sassaben zamani, har gonakin Magarya da Matamaye da Mirya suka komo cike da gawo bayan sun yi ƙwal. Ƙasarmu ta ga yunwar Kakalaba a 1914, ta ga farin 1973 da na 1984, ta ga yadda rairayi yake cin gona in an tsiraita ta. Hukuma ta dasa layukan darbejiya domin tare iska, wasu suna nan, wasu gatari ya cinye su da dare. Ka sani hadisi ya inganta cewa Musulmin da ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Mai sare itacen jama'a a ɓoye kuwa ya ci haƙƙin mutanen da ba zai iya bin su ɗaya ɗaya ya nemi gafararsu ba, domin wasunsu ba a haife su ba tukuna.

Amma rijiya, a ƙasar nan ruwa yana da nisa, igiya gaba da yawa ake zurawa, wani wuri sai an ɗaura wa sa ko raƙumi ya ja wasaki. Duk rijiyar da muka sha na tambayi wanda ya haƙa ta. Wata an san shi, wata an manta. Wanda aka manta sunansa ladansa bai ragu da komai ba, yana kwance cikin kabarinsa ana zuba masa da kowane guga. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Ma'aiki wace sadaka zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa. Sarakunan da suka yi yaƙi a kan ƙasar nan dawakinsu sun ƙare, rijiyar talaka tana nan ana sha.

Fasali na biyar, cikin iyaka da kasuwa, a Maigatari

Mun isa Maigatari daren Alhamis, domin ranar Alhamis kasuwarta take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa. Tun da asuba garke yake shigowa daga Nijar, shanu da raƙuma da tumaki da awaki da jakuna, masu saye kuma sun zo daga Kano har daga kudancin Nijeriya da manyan motoci. Ga buhunan riɗi da zoɓo da wake, ga masu canjin naira da sefa a zaune.

Bayan gari kaɗan iyaka take. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, suka bi ta suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Na tsaya na duba arewa na duba kudu, rairayi ɗaya, gero ɗaya, harshe ɗaya, kiran salla ɗaya. Tsohuwar fadar Gumel ma, Tumbi, tana wancan gefe. An rufe iyakar nan a 2019 aka buɗe a ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023 aka buɗe a 2024, kuma kowane rufi talakan gefe biyu ne ya sha wuyarsa. Mai tafiya yana bin dokar hukuma, ba ya satar hanya. Amma kada ya bari layin da mutum ya ja jiya ya shiga zuciyarsa har ya ga Musulmin Dungas ko na Magarya baƙo ne. Iyakar da ta wajaba ka ji tsoron ƙetarewa ita ce wadda Allah ya shata tsakanin halal da haram, kuma babu inda ake ƙetare ta da yawa kamar kasuwa.

Na zaga kara na ga raƙuma a durƙushe, na tuna Suratul Gashiya ta kira mu mu dubi yadda aka halicci raƙumi. Dubi tafin ƙafarsa da aka yi domin rairayi, da hancinsa da yake rufewa in iska ta taso, da haƙurinsa ga ƙishirwa, da yadda yaro ƙarami yake jan akalarsa ya bi. Mutum dubu suna kewaye da shi ranar nan, kowa yana duban haƙorinsa da tozonsa domin kuɗi. Ka zama kai ne ɗayan da ya dube shi domin Mahaliccinsa.

Tanbihi ga 'yan'uwa masu sana'ar kasuwa. Dillalin da ya ɓoye aibin dabba, ko ya ƙara kuɗi ba da nufin saye ba domin ya ruɗi mai saye, ko ya tari baƙauye a hanya ya saye kayansa kafin ya san farashin kasuwa, duk waɗannan shari'a ta hana su, kuma wuridin safe ba ya wanke la'adar da aka ci ta haka. Mai awo da mudu biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa, sura guda aka saukar da sunansa. Mai dukiya kuma ya tuna nisabi: raƙumi 5 akuya ko tunkiya ɗaya, shanu 30 ɗan maraƙi ɗaya, tumaki da awaki 40 guda ɗaya, hatsin da ruwan sama ya shayar in ya kai wusuƙi 5 ɗaya bisa goma. Da la'asar ta yi sanyi na ga kasuwar tana watsewa, wani ya tafi da riba, wani da hasara, wani da haƙƙin mutane a aljihu, fili ya koma babu kowa sai ƙura da kashin shanu. Wanda ya ga tashin kasuwar Maigatari an nuna masa tashin duniya a taƙaice.

Fasali na shida, cikin hanyoyi, a Gagarawa

Bayan mun yi Juma'a a Gumel muka yi kudu. A Gagarawa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa, wadda ta tashi daga Kano zuwa Nguru, aka gama ta a 1930. Kafin ta, fatake ne da jakuna da takarkarai suke ɗauke da kanwa da mangul daga gabas, madugu a gaba, zango zango. Jirgi ya zo ya kashe wannan hanya, ya tara mutane a tasha, gyaɗa ta zama sarauniya, ana auna ta ana loda ta zuwa dalar Kano. Sa'an nan farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya ta, kwalta da manyan motoci suka ɗauke abin da ya saura. Na zauna a gefen dogo har rana ta karkata, awaki ne kaɗai suka ratsa. Kowace hanya daga cikin waɗannan, mutanen zamaninta sun ɗauka ita ce ba za ta mutu ba.

Akwai wata hanya ta huɗu da ta riga su duka, ita ce hanyar gabas. Ta ƙasar nan almajirai da gardawa suke bi da rani, allo a rataye, zuwa tsangayun Barno domin haddar Alƙur'ani, su komo alarammomi. Ta gabas ɗin nan kuma alhazan dā suke bi da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wani shekara bakwai, wani ya mutu a hanya, wani ya zauna a Sudan zuriyarsa tana can har yau. A wani ƙauye kusa da Gagarawa muka kwana, da dare aka hura wutar kara, yara suka kewaye ta da allunansu, karatu ya tashi. Kanwa ta wuce, gyaɗa ta wuce, abin da waɗancan masu tafiya suka ɗauko a ƙirjinsu shi ne nake ji a bakin yaran nan. Sai dai ka sani, ya kai uba, tura yaro ƙarami nesa babu guzuri babu mai kula da shi, wannan ba ya cikin siyahar magabata, tozarta amana ne, kuma za a tambaye ka.

Cikawa, cikin abin da mai tafiya zai komo da shi

In ka gane abin da ya gabata, to ka sani ƙasar nan ta nuna maka kashi biyu. Kashi na farko abin da aka yi domin duniya, fada da yaƙi da iyaka da kasuwa da tasha, kowanne ya yi zamaninsa ya juya. Kashi na biyu abin da aka yi domin Allah, rijiya da itace da karatu, su ne kake sha, kake fakewa, kake ji, ko da ba ka san masu su ba. Alamar karɓar siyaharka ita ce ka komo ka ƙara wani abu a kashi na biyu.

Saboda haka ina yi maka wasiyya da abu huɗu, ina yi wa kaina. Ka keɓe yini ɗaya a kowane wata, ko sau ɗaya bayan kaka, ka taka da ƙafarka zuwa ƙauyen da ba ka saba zuwa ba, ka tafi da ɗanka ko almajirinka ka gaya masa sunan itatuwa da labarin kufai. Ka zauna gaban tsofaffin wurin ka tambaye su tun suna da rai, domin matambayi ba ya ɓata. Ka bar tohon gawo a gonarka, ko ka dasa itace a bakin hanya ka shayar da shi har ya kama. Ka sa hannu cikin gyaran rijiya ko famfon da ya lalace, ko da kuɗin igiya ne. Wanda rauni ko tsufa ya hana shi tafiya, ya taka zuwa maƙabartar garinsu, ita ce mafi kusan zango kuma mafi faɗin wa'azi.

Kuma ka tuna akwai wata tafiya a gabanka wadda ba kai za ka zaɓi ranarta ba, ba kuma da ƙafarka za ka yi ta ba, a kafaɗar mutane za ka tafi. Guzurinta ba a sayensa a can.

Ya Allah ka buɗe idon zukatanmu, ka sanya dubanmu ya zama i'tibari, shirunmu ya zama tunani. Ka jiƙan waɗanda suka haƙa rijiyoyin da muke sha, da waɗanda suka bar itatuwan da muke fakewa, da malaman da suka ɗauko mana Alƙur'ani da ƙafarsu. Ka ba ƙasar Gumel da maƙwabtanta damina mai albarka, ka tsare ta daga fari da yunwa da fitina, ka shiryi shugabanninta. Ka sa mu cika da kalmar shahada. Wanda ya karanta wannan takarda ya sa mai rubuta ta da iyayensa da shehunansa cikin addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Amin.